Na sa yarana a sikawut na ƙanana a Agege, ga abin da na gani

Salamu alaikum iyaye 'yan uwana na Legas. Masu tambayata wai wace sabuwar makaranta ce yarana suka shiga da har da ƙyallen wuya, to ba makaranta ba ce, sikawut ne, ɓangaren ƙanana na 'yan firamare wanda suke kira Cub. Duk Asabar da safe ake haɗuwa a filin wata firamare nan Agege. A taƙaice abin ya yi, amma ba na kowa ba ne, ku karanta har ƙasa kafin ku je karɓo fom.

Ni dalilina bai wuce zaman Legas ba. Gidan haya, ɗaki ciki da falo, bakin ƙofa kwata, titi kuma danfo da keke, ina yaro zai yi guje-guje? Sai waya da katun daga safe har dare. Mu da muka taso a Arewa mun yi langa mun yi 'yar gala-gala a dandali, su kuwa ko dutse uku ba su iya kafawa su ɗora tukunya ba.

Abin kuma ba na jiya ba ne. Wani sojan Ingila mai suna Baden-Powell ne ya faro shi a 1907, aka buɗe na ƙanana a 1916, mu nan Najeriya tun 1915 ya shigo kuma ta Legas ɗin nan ya shigo. In kin san 'yan agajinmu na masallaci masu kaki da usur, to kusan haka tsarin yake, sai dai wannan babu ruwansa da addininka ko yarenka kuma wasa ya fi yawa. Ana raba yara shida-shida kowane rukuni da ɗan shugabansa, su yi fareti, su koyi ƙullin igiya kala-kala, ɗaura bandeji, kafa tanti, abin da za a yi in mutum ya ƙone ko ya yi haɓo. Wanda ya iya abu sai a ba shi bajo a ɗinka masa a riga, kuma wallahi ban san ɗan ƙyalle zai iya sa yaro wanke kwano ba sai yanzu. Babban nawa da sai na yi ta kwakwazo kafin ya tashi, ranar Asabar shi ke tashinmu.

Yanzu ga inda nake so a ji ni da kyau. Wannan rukunin da muke ciki da iyaye ake yi. Ba wurin da za ki ajiye yaro ki wuce kasuwa ba ne, a'a, akwai ayyukan da sai uwa ko uba sun zauna an yi tare, a gida ma akwai ɗan littafin da za ki sa hannu cewa ya yi kaza ya yi kaza. Baban yara yana shago ranar Asabar don haka ni ce a kan layi, wataran kuma in ya samu mai tsare masa ya zo, ranar kam bakin yaran ba ya rufuwa. Na ga waɗanda aka riƙa turo su su kaɗai, ba a daɗe ba suka daina zuwa, yaro yana kallo kowa da nasa shi babu, ai dole jikinsa ya yi sanyi.

Abin da ya ba ni wahala shi ne gaisuwarsu, da hannun hagu suke musabaha! Wai shi ne hannun da ya fi kusa da zuciya. To mu dai kun san hagu a wurinmu, ƙaramin ya je ya miƙa wa malaminsu na Islamiyya hagu, sai da na je da kaina na yi bayani. Yanzu mun yi doka, hagu a filin sikawut take, daga an fito geti dama ce, babba kuma a durƙusa a gaishe shi.

Maganar addini ban ga abin ƙi ba. Alkawarin da suke ɗauka akwai sauke haƙƙin Allah da na ƙasa, kuma da muka ce 'yan matanmu za su sa hijabi da dogon wando babu wanda ya yi musu. Amma fa sai kin buɗe baki kin faɗa, babu mai tuna miki. Ranar da aka kwana a tanti mu iyaye Musulmi muka tsaya kan lokacin salla da wanda zai yi girki, kuma mun yi kaɗan sosai, Hausawa a wurin ba mu cika hannu ɗaya ba. Turanci da Yarbanci ake yi, yara ba ruwansu sun saje, uwar da ba ta jin ko burokin ce za ta ɗan takura.

Kuɗin rajista da sauƙi, yunifom ne mai cin kuɗi, ga ɗan karo-karo da ake jefowa a gurup ɗin WhatsApp ba sanarwa, wannan kam ya ishe ni. Lokaci ma ba sa cikawa, a ce takwas sai tara ta gota, shi ya sa yake cin karo da Islamiyyar Asabar, mu sai da muka koma ajin yamma.

In za ku shiga ku nemi na kusa da gida wanda za a taka da ƙafa, mai zama Mile 12 ko Idi-Araba kar ya ce zai riƙa tahowa Agege, go-sulo kaɗai zai sa ya bari. Ku je ku zauna ku kalla kafin ku biya ko sisi, ku tambaya rukunin yana da rajista da ƙungiyar sikawut ta ƙasa, akwai mace cikin shugabannin, su waye ke kwana da yara in an fita. Yunifom kuma kar ku yi gaggawar ɗinkawa, ku tambayi iyayen da 'ya'yansu suka girma, da yawa suna bayarwa kyauta.