Bangon Majami'a: Da Hotuna Ko Babu?

Shiga majami'ar Otodoks, za ka tarar da fuskar Almasihu a can saman rufi, kyandir na ci gaban hoton Maryamu, tsohuwa ta sunkuya tana sumbatarsa. Hujjar 'yan Otodoks ta Yohanna na Dimashƙu ce, wani malamin ikilisiya na dā: tunda Allah ya zama mutum, ya halatta a zana shi. Taron shugabannin ikilisiya na Nikiya a shekarar 787 ya amince da haka.

A birnin Zurik na ƙasar Switzerland kuwa, a 1524, mabiyan Zwingli, wani jagoran Furotesta, sun kwashe siffofi, suka shafe bango fari fat, suna riƙe da Fitowa 20:4, ayar da ta hana yin gunki. Ina girmama tsoronsu na bautar gumaka ƙwarai. Amma zuciyata tana wajen masu zane, domin a Fitowa 31 Allah da kansa ya cika Bezalel da Ruhunsa don aikin zinariya da sassaƙa.