Hattara da mai tallan "tsuba" na takubban Japan

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sha'awar tara kayan tarihi ku tsaya ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗi. Akwai wani mutum da yake yawo a guruf guruf na Facebook da WhatsApp yana tallan tsuba, wato faifan ƙarfen nan da ake sawa tsakanin mariƙin takobin samurai (mayaƙan Japan na da) da ruwan takobin don kare hannu, girmansa bai wuce tafin hannu ba. Wai nasa na zamanin Edo ne, wani tsohon zamani a tarihin Japan, wai gadon wani tsoho ne a Japan, ka ba da kafin alƙalami ya aiko maka in ya so ka kai gidan gwanjo a Ingila ka ninka kuɗinka. Wallahi damfara ce, hotunan da shi kansa yake turawa sun isa shaida.

Tsuba na gaske akwai su kuma suna da yawa sosai, zamanin Edo kaɗai daga 1603 ne zuwa 1868, sannan da gwamnatin Japan ta hana yawo da takobi a 1876 aka yi ta kwasarsu ana sayar wa Turawa. Shi ya sa wanda babu sa hannun wani shahararren maƙeri a jiki ba wani kuɗin kirki yake yi ba, to ina maganar ninka kuɗi ta fito?

Yanzu ku ƙara girman hoton ku duba bakin faifan. Tsohon tsuba na ƙarfe ƙera shi aka yi, aka huda aka sassaƙa da hannu, za ka ga sawun kayan aiki da kaifin zane. Nasa kuwa zubi ne, akwai wani siririn layi da ya zagaye gefen da cikin hudojin inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu, irin wanda ake gani a jikin tukunyar dalma ta zubi, ga ƙananan ramuka na kumfa, zanen duk ya dakushe kamar ya narke. Abin da ya fi tona masa asiri shi ne hudar tsakiya da takobin ke shiga, a na gaske sau da yawa ana cusa ɗan jan ƙarfe sama da ƙasa don ya zauna daram, sunansa sekigane, to a nasa siffar ce kawai ta fito amma duk ƙarfe ɗaya ne da faifan, kenan an ɗauki na gaske an yi mazubi da shi an kwafe komai har da cikon. Tsatsar ma ja ce jawur mai gari gari irin ta asid, alhali tsohon ƙarfen da aka kula da shi duhu yake yi mai santsi. Kuma faifai uku na gani a tallansa iri ɗaya sak har da tabo a wuri guda, aikin hannu ba ya haka.

Sai maganar sa hannu, kusan kowanne ya ce Nobuie ne ko Kaneie. Waɗannan manyan maƙeran tsuba ne ƙwarai, kuma sunayensu na cikin waɗanda aka fi yi wa jabu tun a can Japan ɗin tun zamanin da.

Takardar da yake nunawa ita ta fi ɓata min rai don da ita yake cin amanar mutane. Ƙungiyar NBTHK da aka kafa a 1948 a Tokyo tana tantance kayan takobi ta ba da takarda, matakin farko Hozon sai Tokubetsu Hozon sai Juyo, kuma ana manna hoton shi kansa kayan a jikin takardar da hatimi. Shi koriyar takarda yake nunawa ta tsohon tsarin da aka daina tun 1982, wadda masu harkar ba sa dogara da ita yanzu, hoton cikinta ma in ka lura hudojin gefe ba su yi daidai da na kayan da yake sayarwa ba.

Duk wanda ya riga ya fara magana da shi ya ce ya turo bidiyon gefen faifan da cikin hudar a hasken rana, da takardar kusa da kayan a hoto ɗaya, kar ka tura ko sisi a akawun ɗin mutum. Wanda kuma ya riga ya tura ya ajiye rasit da hirarsu ya sanar da bankinsa yau ɗin nan, sannan a kai rahoton shafin. Dan Allah a tura wa sauran guruf.