Gargaɗi: Masu cewa su ma'aikatan kamfanin sabar ne, suna neman hanyar shiga

Jama'a, duk mai sabar a intanet (kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet), ko mai kula da ta wani, don Allah ya tsaya ya karanta.

Akwai 'yan damfara da ke turo imel ko su bugo waya, su ce daga sashen fasaha na kamfanin da ka karɓi hayar sabar suke. Wai an yi maka kutse, in ba a gyara yau ba, za a rufe sabar. Imel ɗin da tambarin kamfani, har da lambar IP ɗinka, wato adireshin sabarka a intanet. Kada wannan ya ruɗe ka, duk wanda ya san sunan shafinka yawanci zai iya gano ta. Sai su nemi kalmar sirrin root, wato babban asusun da ke da iko da komai a sabar, ko su ce ka sauke AnyDesk ko TeamViewer, manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa, ka karanto musu lambar da ta fito.

Wani abokin aikina ya faɗa hannunsu, kuma mutum ne mai lura. Ya ba su lambar AnyDesk alhali tagar SSH ɗinsa, wato hanyar shiga sabar daga nesa, a buɗe take, ya riga ya shiga sabar. Yana zaune yana kallon linzamin kwamfutarsa na yawo shi kaɗai, rubutu na gudu a baƙin allo, mutumin kuma na ta kwantar masa da hankali a waya. Ko minti goma ba a yi ba aka ce an gama.

Bayan 'yan kwanaki shafukan da ke kan sabar suka fara jan ƙafa. Da muka buga umarnin top, mai nuna shirye-shiryen da ke aiki a sabar, sai ga wani shiri ya cinye ƙarfin injin kaf. XMRig ne, yana haƙo musu kuɗin intanet na Monero da sabar da shi ke biyan hayarta. Ya kashe shi, ya sauya kalmar sirri, ya ɗauka shi ke nan. Washegari abin ya dawo.

Nan ne ya fi ci mini rai. Sun saka nasu makullin a fayil ɗin authorized_keys, inda ake jera makullan da aka yarda su shiga ta SSH, kuma mai makulli ba ruwansa da kalmar sirri, ka sauya ta sau ɗari, shigowarsa zai yi. Sun kuma bar layi ɗaya a crontab (jadawalin ayyukan da sabar ke yi da kanta) da ke sake sauko da shirin duk lokacin da aka goge shi. Tunda ba mu da tabbacin iyakar abin da suka taɓa, dole aka rushe sabar aka gina sabuwa daga tsohon kwafin ajiya, aka kuma sanar da masu shafukan su sauya nasu bayanan shiga.

In irin wannan saƙo ya zo maka, kada ka latsa komai a cikinsa, kada ka kira lambar da ke jiki. Shiga asusunka na kamfanin da hannunka, ka tambaye su ta can. Taimakon da ba kai ka nema ba, kada ka buɗe masa ƙofa. Ka hana shiga SSH da kalmar sirri, ka hana root shiga kai tsaye, in kuma sabar Windows ce, kada ka bar ƙofar RDP ta 3389, wadda ake shiga Windows daga nesa ta cikinta, a buɗe ga duk duniya.

Wanda ya riga ya ba su dama, ya duba authorized_keys da crontab da jerin masu asusu a daren nan, kada ya bari sai gobe.