Na nemi banki ya mayar mini da iyakar katin bashi bayan ya rage ta

Bankin da nake riƙe da katin bashinsa yana da saurin yanke hukunci, amma yana da rowar bayani. Wannan shi ne ra'ayina a kansa bayan na bi duk hanyoyin da ya tanada don neman ƙarin iyaka, wato manhajar waya, akwatin hira da kuma kiran waya. Ba zan ambaci sunansa ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku ce kawai ta yi mini amfani, kuma ita ce wadda ba sa tallatawa.

Rage iyakar bai ba su wahala ba. Saƙo ne ya shigo cewa abin da zan iya kashewa da katin ya koma kashi 40 cikin 100 na yadda yake a da. Ban taɓa makara wajen biya ba, kuma kowane wata nakan biya duk abin da na kashe kafin wa'adi ya cika, saboda ba na son kuɗin ruwa ya hau kaina ko kaɗan. Bayan saƙon sai wasiƙa ta biyo da dalilai biyu: ba na amfani da katin sosai, sannan bashin da ke kan wani katina na wani banki ya yi yawa idan aka auna shi da iyakarsa. Wato a nan na yi kaɗan, a can na yi yawa. Na yi dariya da na karanta, amma daga baya wasiƙar nan ce ta fi komai taimaka mini, don ita kaɗai ta faɗi abin da suke kallo.

Dalilin farko yana da ma'ana idan ka tsaya a inda banki yake tsaye. Katin da ke kwance a aljihu ba ya kawo masa komai, domin ribarsa tana fitowa ne daga ladan da 'yan kasuwa ke biya duk lokacin da aka sayi kaya da kati, da kuma kuɗin ruwa daga masu barin bashi ya kwana. Ga kuma haɗari: mutumin da ya daɗe bai taɓa katinsa ba, ranar da ya zo ya kwashe iyakar gaba ɗaya, sau da yawa ranar da ya shiga matsala ce. Shi ya sa bankuna suka zaftare iyakokin mutane da yawa a lokacin rikicin tattalin arziki na 2008 da 2009, suka kuma sake yi a 2020 da korona ta zo, har da waɗanda ba su taɓa saɓa alkawari ba. Takardar yarjejeniyar da muke sa wa hannu ba tare da mun karanta ba ta ba su wannan damar. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya sa ban bar maganar ta wuce ba shi ne lissafi. A ce iyakarka 10,000 ce, kowane irin kuɗi ne, kuma kana da 2,000 a kai lokacin da aka rufe lissafin wata. Ka yi amfani da kashi 20 cikin 100 ke nan. Idan aka mayar da iyakar 4,000, wannan 2,000 ɗin da ba ka ƙara ko sisi a kai ba ya zama kashi 50. Kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, irin su Experian da Equifax da TransUnion, wannan adadin ake aika musu, kuma da shi ake auna ka. A makin FICO, wato makin da bankuna ke auna amincin mutum wajen biyan bashi da shi, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1989 kuma yake tashi daga 300 zuwa 850, tarihin biya a kan lokaci yana ɗaukar kashi 35, yawan bashin da ke kanka kuma kashi 30. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada abin da ka kashe ya wuce kashi 30 na iyakarka, in ya yi ƙasa da haka ma ya fi. To ka ga rage iyaka ba wai ya tsaya a kan katin da aka rage ba ne. Makinka yana sauka, wani bankin ya gani, shi ma ya fara tunanin rage nasa.

Sai kuma wahalar yau da kullum. Aikina yana haɗawa da tafiye-tafiye, kuma duk otal ɗin da ka sauka ko kamfanin da ka yi hayar motarsa sai ya riƙe wani adadi a kan katin a matsayin jingina. Ba a cire kuɗin ba, amma ba ka da ikon taɓa shi har sai sun sake shi, wani lokaci bayan ka bar wurin da kwanaki. Tikitin jirgi ɗaya da jinginar otal ɗaya sun isa su cika ƙaramar iyaka, ka tsaya a gaban kanta na'ura tana ƙin katinka alhali ba wanda yake bin ka bashin da ya wuce wa'adi.

Na fara da manhaja. Maɓallin neman ƙari yana nan, sai dai an binne shi a ƙarƙashin saituna. Yana tambayar kuɗin shigarka na shekara, abin da kake biya na haya ko na gida duk wata, yanayin aikinka, da adadin da kake so. Tsarin yana da tsabta, ba ya ɗaukar lokaci. Amma babu inda zai ba ka ka rubuta cewa an taɓa rage maka, babu kuma inda ya faɗa ƙarara irin binciken da za a yi a kanka. A can ƙasa da ƙananan haruffa aka rubuta cewa "mai yiwuwa" su duba rahoton tarihin bashinka. Wannan "mai yiwuwa" ita ce babbar matsalata da manhajar, domin dubawar iri biyu ce. Akwai leƙen da banki ke yi wa rahoton abokin hulɗarsa, wanda ba ya barin tabo kuma ba ya taɓa maki. Akwai kuma cikakken bincike irin na mai neman sabon bashi, wanda ake rubutawa a rahotonka, sauran bankuna su gani. A tsarin Amurka irin wannan yana zama a rahoto shekara 2, FICO kuma yana lissafa shi na wata 12. Ragin da yake jawowa ba shi da yawa, amma a ce ka ɗauki tabon sannan a hana ka, ka yi biyu babu. Na rufe manhajar ban danna ba.

Akwatin hira ba sai na ɓata lokaci a kansa ba. Na'ura ce ke amsawa, duk tambayar da na yi sai ta mayar da ni ga maɓallin da na baro.

Kiran waya ne ya yi aiki, shi ma ba a matakin farko ba. Wanda ya ɗaga yana da ladabi, sai dai abin da ke gabansa shi ne fam ɗin da ke cikin manhaja, zai cike maka ne kawai da hannunsa. Da na ce ina son magana da sashen da ya yanke hukuncin ragewa, sai ya ɗan yi jim, ya ce in dakata. Jiran ya yi tsawo. Wadda ta karɓa daga baya ita ce dalilin da ya sa ban rufe katin ba.

Na ce mata, "Malama, kafin mu yi nisa, in na nema yau, wane irin bincike za ku yi a kaina?"

Ta ce, "Yallaɓai, in adadin da kake nema bai wuce abin da na'urarmu ta yarda da shi ba, leƙe ne kawai, ba zai bayyana ba. In ya wuce, sai na nemi izininka kafin a yi cikakken bincike. Amma gaskiya ban ba ka shawarar ka nema yau ba."

Ta yi mini bayanin cewa a bankinsu, buƙatar da ta shigo kafin a cika wata 6 da ragewa, na'ura ce ke ƙin ta tun kafin ta iso gaban mutum. Ta karanto mini dalilan nan biyu na cikin wasiƙa, ta ce duk wanda zai duba fayil ɗina abin da zai fara nema shi ne ko sun canja. Ta kuma lura cewa kuɗin shigar da ke rubuce a wurinsu na lokacin da na buɗe katin ne, shekaru da suka wuce. Ba wanda ya taɓa tambayata in sabunta. Wannan bayanin duka bai fi 'yan mintuna ba, kuma har yanzu ban ga abin da ya hana su rubuta shi a cikin wasiƙar ragewa ba. Da sun yi, da sun rage wa kansu kiraye-kiraye, da kuma mutane da yawa ba su danna maɓallin nan cikin fushi sun jawo wa kansu ƙi ba.

A watannin jira na mayar da ƙananan kuɗaɗen da nake biya kowane wata kan katin, irin na waya da intanet, don ya riƙa motsi. Ɗaya katin kuma na sauko da shi ƙasa sosai. Abin da ya fi tasiri shi ne ranar biya. Yawancin bankuna suna aika wa kamfanonin tarihin bashi adadin da ke kan katin ranar da aka rufe lissafin wata ne, ba ranar da wa'adin biya ya cika ba. Saboda haka mutum zai iya biyan komai a kan lokaci amma rahotonsa ya riƙa nuna shi cike da bashi. Na koma biya kafin ranar rufewa. A mafi yawan tsare-tsaren maki, kason da ka kashe daga iyakarka ba ya riƙe abin da ya wuce, da zarar sabon adadi ya shiga sai makin ya bi shi, don haka gyaran yana bayyana da wuri.

A nan ma akwai abin da ya ba ni haushi. Idan na biya a tsakiyar wata don in buɗe wuri, kuɗin yana fita daga asusuna nan take, amma iyakar ba ta buɗewa sai bayan kwanaki. Sun ce suna jiran tabbacin biyan ne. Malamar ta kuma gargaɗe ni cewa kada in riƙa cika katin ina biya ina sake cikawa sau da yawa a wata ɗaya, domin na'urarsu tana ɗaukar hakan a matsayin alamar haɗari. Ka ga an matse ka, sannan an ce kada ka yi motsi da yawa.

Da lokaci ya yi na sake kira, na nemi sashen kai tsaye. Wani ne daban ya ɗauka, amma bayanan hirarmu ta baya suna cikin fayil, ban sake labari daga farko ba, kuma wannan abin yabo ne. Ya nemi takardun albashi da bayanan asusun banki na watannin baya, na ɗora su ta manhaja. Neman takardun bai dame ni ba. A Amurka ma dokar katin bashi ta 2009 ta wajabta wa banki ya duba ko mutum zai iya biya kafin ya ƙara masa iyaka, kuma ni a ganina haka ya kamata ko'ina. Bai tambaye ni dogon dalili ba, ni ma ban kawo kuka ba. Na ce ina tafiye-tafiyen aiki, jinginar otal tana cinye iyakar, ga tarihin biyana, ga sabon kuɗin shiga. Na faɗi adadi ɗaya, wato tsohuwar iyakar, ban wuce ta ba.

Amsar ta zo cikin 'yan kwanaki: sun mayar da ni kusan kashi 75 na inda nake a da, da leƙe kawai. Ma'aikacin ya ce ragowar tana yiwuwa idan na yarda da cikakken bincike, amma ba zai iya yi mini alkawarin sakamako ba. Na ce a bari, domin akwai wata babbar buƙata da zan kai wa wani banki nan gaba kuma ina son rahotona ya je da tsabta. Ya ambaci wata dabara daban da ban sani ba: wanda yake da kati biyu a banki ɗaya, wasu bankunan suna yarda a ɗebo iyaka daga ɗaya a zuba a ɗayan, tunda jimillar abin da suka ba shi ba ta canja ba. Ni kati ɗaya gare ni a wurinsu, amma mai biyu ya tambaya.

Ma'aikatan sashen bashi sun cancanci yabo, sun san aikinsu kuma ba su yi mini alkawarin ƙarya ba. Manhajar ta dace da wanda ba a taɓa rage masa ba, kuɗin shigarsa ya ƙaru, yana son ƙari kaɗan. Ga wanda aka rage wa, tarko ce. Abin da har yanzu ban yafe ba shi ne yadda aka yi ragewar: ba gargaɗi, ba tambayar ko kuɗin shigata ya canja, saƙo kawai bayan an riga an gama. Na tambayi ma'aikacin ko za a iya sa alama a fayil ɗina a kira ni kafin a sake taɓa iyakar. Ya ce babu irin wannan tsarin, na'ura ce ke bitar asusun kowa lokaci zuwa lokaci, kuma ko shi sai bayan ta yanke yake gani.