Wata 14 da waya a baki: abin da na gani a asibitin da ke gyara mini haƙora

Ina da shekara 36 ranar da na kwanta a kujerar likita aka manna mini ƙarfe a haƙora, wato wayar nan da ake sawa don daidaita su. 'Ya'yana uku, kuma ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a nan Kano. Tun daga ranar, da wuya mako ya wuce wata ba ta ja ni gefe ba, a gidan biki ko a ɗakin malamai, ta rage murya ta ce, "Malama, don Allah a ina aka sa miki? Da zafi? Mai shekaruna za ta iya?" Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Ba zan kama sunan asibitin ba, domin akwai yabo a maganata, akwai kuma ƙorafi. Asibiti ne mai zaman kansa a cikin gari, kujeru uku, da ƙwararriyar likita ɗaya da ke zuwa kwana biyu a mako.

Ba kwalliya ce ta kai ni ba. Haƙorana na ƙasa sun hau juna tun ina yarinya, fiƙata ta sama ta dama kuma ta fito can saman dasashi don ba ta sami wuri ba. Akwai lungunan da buroshi bai taɓa shiga ba. Bayan haihuwata ta uku sai dasashin ya fara jini kullum da safe, ga wari da ni kaina nake ji. Da na gaya wa Umma abin da nake shirin yi, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ke da Allah Ya yi ki haka, me kike nema?" Maganar ta tsaya mini, don ba wasa take yi ba. Na kai ta gaban malaminmu na Islamiyya. Ya ce abin da aka hana shi ne a goge lafiyayyun haƙora a buɗe wushirya don neman kyau, amma kawar da cuta ko gyara aibi magani ne. Ya kawo labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Da na mayar wa Umma wannan, ta ce to Allah Ya sa a dace.

Abin da ya fara sa na amince da wannan asibiti shi ne sun ƙi sa mini wayar nan take. Kafin su na je wani wuri, aka leƙa bakina na minti biyar aka ce in kawo kuɗi gobe a manna. A nan kuwa likitar ta tura ni hoton muƙamuƙi, irin wanda ke nuna duka haƙora da saiwoyinsu a faifai ɗaya, ta ɗauki awon bakina, ta bi dasashin da wani siririn ƙarfe haƙori bayan haƙori tana faɗa wa nas lambobi. Sannan ta ce, "Hajiya, ba a gini a kan dausayi. Idan na ja haƙori alhali dasashi na ciwo, ƙashin da ke riƙe da shi ne zai zaizaye." Aka yi mini wankin haƙori sau biyu, aka cike kogo biyu, na jira mako shida. A lokacin na ji haushin jiran. Yanzu duk wadda ta tambaye ni, da shi nake fara auna mata wuri: in sun ce za su manna miki ba hoto, ba duba dasashi, ɗauki jakarki. Haka masu liƙa wa 'yan mata waya ta ado a shagunan kwalliya. Waya ko ta ado ce tana jan haƙori, kuma ba ta san inda za ta kai shi ba sai da mai ilimin abin.

Likitar ta iya bayani, kuma da Hausa take yinsa. Ta ce haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa ba, wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da shi. In aka matsa masa a hankali ba tsayawa, ƙashin da ke gabansa yana narkewa, sabo yana tsirowa a bayansa, sai ya matsa wajen milimita ɗaya a wata. Wayar farko siririya ce, haɗin ƙarfen nikel da taitaniyam, wadda ko an lanƙwasa ta sai ta nemi komawa siffarta, tana komawa tana tafiya da haƙoran. Daga baya ake sa mai kauri. Ta kuma faɗa mini gaskiyar da ta shafi shekaru: yaro muƙamuƙinsa na girma, ana iya bin girman a samar da wuri, babba kuwa ƙashinsa ya gama, don haka aikin ya fi jinkiri, kuma wurin sai an nemo shi. Nawa wurin da cire ƙananan turame huɗu aka samo shi, biyu sama biyu ƙasa, lafiyayyu ƙalau. Ranar da aka cire biyun farko na yi kuka a mota, maigida yana ta ba ni haƙuri. Ta ce in sa ran wata 20 zuwa 24.

Mannawar kanta ba zafi, ba allura. Kusan awa biyu baki a buɗe, ana shafa gam, ana ɗora ƙananan ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, ana haska wata shuɗiyar fitila gam ɗin ya daskare. Zafin da dare ya zo. Kwana na biyu da na uku ko haƙora suka taɓa juna sai na ji har ƙwaƙwalwa. Kunun gyaɗa, koko, faten dankali da fura mai ruwa-ruwa su suka riƙe ni mako guda, da farasitamol kamar yadda aka rubuta mini. Duk ranar ɗaurin waya, bayan mako biyar ko shida, ciwon kan dawo, amma na kwana biyu, kuma bai sake kai na farko ba.

Wanda ya fi damuna shi ne gogar ƙarfe a cikin kumatu da leɓe. Mai koyarwa ba ta da damar yin shiru, ina magana ƙarfen na yanka. Sun ba ni wani ɗan akwati na kaki, suka ce in liƙa inda ke cizo. Na yi ta liƙawa yana faɗowa, har na yanke cewa kakin ne ba shi da kyau. Sai a zuwa na biyu wata nas ta ga yadda nake yi ta ce, "Anti, ai sai kin tsane wurin tukuna." Ta ɗauki auduga ta goge ƙarfen ya bushe, ta murza kakin kamar ƙwayar dawa tsakanin yatsunta har ya yi laushi, ta danna. Ya zauna har dare. Mako biyar na yi da gyambo a kunci saboda maganar da ba ta kai minti ɗaya ba, kuma wannan laifinsu ne. Kurkurar ruwan ɗumi da gishiri ita ta warkar da gyambon.

Babban ƙorafina a kan abinci yake. Sun ba ni takarda da Turanci, da alama daga intanet aka sauko da ita, tana hana cingam da wasu alewoyin da ban taɓa gani a kasuwarmu ba. Babu rake a ciki, babu aya, babu ƙuli-ƙuli, kilishi, goriba, kantu, gasasshiyar masara, ƙanzo ko goro. Mutumin Kano kake yi wa aiki, a bakinsa waɗannan ne za su ɓalle ƙarfen. Da kaina na koya. Tsire ina ci, amma sai na yayyanka shi ƙanana na tura can baya, ba na figa da haƙoran gaba. Busasshen dabino sai na jiƙa na cire ƙwallon da hannu. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ba su da matsala ko kaɗan. Kwaɗon zogale da rama suna da daɗin tauna, sai dai ganyen kan naɗe a waya, don haka ba na cin su inda ba zan sami wurin wanke baki ba. Ƙananan robobin da ke riƙe wayar kuwa, na fara zaɓar farare don kada a lura, amma zoɓo da shayi da miyar manja suka rine su cikin kwana uku. Yanzu ruwan toka nake zaɓa.

A Babbar Sallah na yi sakaci. Soyayyen naman layya, wanda ya kwana ya yi tauri, na ɗauki tsoka ɗaya na ciza. Na ji ƙas. Ƙarfen turmin ƙarshe ya ɓalle, bakin wayar ya fito yana sukar kuncina duk lokacin da na haɗiye yawu. Na kira lambar da ke jikin katina ranar da washegari, ba a ɗauka ba, na tura saƙo ba amsa. Kwana huɗu ina fama da kaki kafin a buɗe. Na san kowa na da haƙƙin yin Sallah da iyalinsa, amma wurin da ya sa wa mutane waya a baki ya kamata ya bar mutum ɗaya da zai ɗauki kira, ko da shawara ce kawai zai bayar. Da na je, gyaran bai wuce minti goma sha biyar ba, sai kuma aka ce akwai kuɗin sake mannawa, abin da ba a faɗa mini tun farko ba. Na faɗa wa likitar ɓacin raina ido da ido. Ta saurara, ta ba ni haƙuri, ta ce za su gyara. A zuwan da ya biyo baya na ga an liƙa lambar gaggawa a bakin ƙofa.

Maganar kuɗi: aikin yana da tsada, ya ci albashina na watanni. Sun karɓi rabi a farko, sauran ina biya kashi-kashi, kuma ba su taɓa matsa mini ba. Amma hoto, cire haƙori da wankin haƙori duk daban aka caje su. Ki nemi a rubuta miki komai a takarda kafin a fara. Jira ma akwai shi. Da yake ƙwararriyar kwana biyu kawai take zuwa, alƙawarin ƙarfe goma yakan kai sha biyu saura. Tsabta kuwa ban ga abin kushewa ba, a gabanki ake yage ledar kayan aiki.

Rabin aikin a gida yake, kuma nan ne kayan da na saya suka nuna kansu. Abin da ya fi kowane amfani shi ne mafi araha: ɗan mitsitsin buroshin nan mai kama da na wanke kwalbar jarirai, wanda ke shiga ƙarƙashin waya. Kullum akwai biyu a jakata, kafin alwalar Azahar nake amfani da shi a makaranta. Na'urar fesa ruwa ma na saya, mai caji saboda halin wutarmu. Tana fito da abin da ba ki zaci yana nan ba, amma ba ta cire dauɗar da ta manne, don haka ba ta maye gurbin buroshi. Man goge baki likitar ta ce in duba bayan kwalin in ga an rubuta fuloraid 1450, wato yawan sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, in tofar kawai bayan gogewa kada in kurkure. Ta nuna mini hoton haƙoran da aka cire wa ƙarfe aka tarar da fararen tabo zagaye da gurbin kowane ɗaya, ta ce wannan farkon ruɓewa ne kuma ba ya gogewa. Tun ranar ban kwanta ban yi minti gomana a gaban madubi ba. Asuwaki ban daina ba, sai dai ina tauna shi ya yi laushi sosai, in bi a hankali, don zarensa na maƙalewa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne harshe. Makonni biyun farko harafin "s" da fito yake fita, ɗalibai suna kallon bakina maimakon allo. A karatun Alƙur'ani abin ya fi taɓa ni, don sinun da sadun sun ƙi rabuwa. Na riƙa karatu da ƙarfi bayan Asuba, shafi biyu kullum, har harshen ya gane sabon wurin zamansa. Da azumi ya zo an riga an fara sa mini robar da ke haɗa sama da ƙasa. Nakan canza ta da sahur da kuma bayan buɗa baki. Bushewar baki kan ƙara gogar ƙarfe da yamma, kaki ya taimaka. Na roƙi a ɗaga ranar ɗaurina daga farkon azumi, don kada ciwo ya hana ni sahur, suka yarda ba gardama.

Yanzu fiƙar nan ta sauko ta shiga layi. Haƙoran ƙasa sun jeru, zaren sakace na wucewa tsakaninsu, kuma rabon da in ga jini a buroshi tun wata na biyar. Gurbin turamen da aka cire ya rage kaɗan ya rufe. A zuwana na ƙarshe likitar ta ajiye hoton ranar farko kusa da na yau, na daɗe ina kallo ban ce komai ba. Na riga na kai mata ƙanwar maigidana, bayan na zaunar da ita na faɗa mata duk abin da ke sama. Likitar ta ce bayan an cire ƙarfen akwai abin riƙe haƙora da zan riƙa sawa da dare, shekara da shekaru, don haƙori na neman komawa inda ya fito. Ranar Talata mai zuwa nake da ɗauri, kuma na rubuta a bayan katina in tambaye ta ko kuɗinsa na cikin wanda na biya.