Ajin Asabar na shugabannin mata a Jos, ga yadda na same shi

Masu tambayata ko ajin nan da ake yi wa shugabannin mata ranar Asabar ta wajen Tudun Wada ya ci kuɗinsa, amsa dai e, ya ci, amma ku tsaya ku ji sauran kafin ku tura kuɗi. Ba makarantar tauhidi ba ce irin TCNN ta Bukuru ko JETS, kar wata ta je da wannan tunanin, wasu malamai ne daga ɗarikoki daban daban suka haɗa kai suka ari zaure a bayan wata majami'a suna koyar da matan zumunta da malaman Sande Sukul da matan fastoci, zango ɗaya wata uku ne, daga safe zuwa wajen ƙarfe biyu na rana. Kuɗin kuma bai kai na turmin atamfa mai kyau ba, kuma suna yarda a biya sau biyu, wannan kam na yaba musu don yawancin mu 'yan kasuwa ne da malaman firamare, ba kowa ke da shi a dunƙule ba.

Abin da ya sa na ce ya ci kuɗinsa mutum ɗaya ce gaskiya, Malamar da ke ɗaukar darasin mata a cikin Littafi Mai Tsarki da wasiƙun Bulus. Dattijuwa ce, ta yi ritaya daga koyarwa, muryarta ma ba ta da ƙarfi sai kin matso gaba, amma matar nan ba ta kewaye kewaye. Mu da muka saba a taron mata in aka ce za a yi maganar mace a cikin Littafi to kin riga kin san inda za a je, Karin Magana 31 ne, macen kirki mai tashi da asuba, sai Rut da Esta, a yi waƙa a ɗauki baiko a tashi. Ita kuwa ranar farko ta sa muka buɗe 1 Timoti 2:11-12, inda Bulus ya ce bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba, ta sa aka karanta da ƙarfi, ta ƙara da 1 Korantiyawa 14:34-35 na cewa mata su yi shiru a cikin ikilisiya, sannan ta ce to ga su nan, suna cikin Littafinku, ba wanda zai goge su, duk mai son shugabanci ta fara sanin su kafin wani ya jefe ta da su a taron kwamiti ta rasa ta cewa.

Daga nan ne ta shiga ɗaya ɓangaren, kuma nan ne na ga amfanin zama a gaban wadda ta san abin da take yi. Ta nuna mana cewa a wannan wasiƙar ta Korantiyawa, sura 11 aya 5, Bulus ɗin nan dai yana maganar mace mai addu'a ko annabci a cikin taro, damuwarsa a wurin ita ce ta rufe kanta, to in ana so ta yi shiru gaba ɗaya ta yaya take annabcin? Ta kai mu Romawa 16, surar da yawancin mu muke tsallakewa don sunaye ne kawai, ashe Fibi ce ta farko a jerin, mai hidima a ikilisiyar Kankiriya, wadda Bulus ya ce a karɓe ta a taimake ta da duk abin da take bukata. Ga Bilkisu da mijinta Akila da suka ja Afolos gefe a Afisa suka ƙara fayyace masa hanyar Allah, Ayyukan Manzanni 18:26, kuma Afolos ɗin nan ba ƙaramin mai wa'azi ba ne. Ga 'ya'yan Filibus mata huɗu masu annabci a sura 21. A Tsohon Alkawari ta daɗe a kan Hulda, ni kam kafin nan sunan kawai na sani, wai a zamanin sarki Yosiya da aka tsinci littafin Shari'a a Haikali, babban firist Hilkiya da manyan fada wurin macen nan suka tafi neman maganar Ubangiji, 2 Sarakuna 22, alhali Irmiya yana raye yana annabci a lokacin. Debora kam kowa ya san ta, tana zaune a gindin dabino tana yi wa Isra'ila shari'a, har Barak ya ce ba zai fita yaƙi ba sai da ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yanke mana hukunci ba. Ta shimfiɗa yadda masu cewa naɗin fasto da dattijo na maza ne suke kafa hujja, cewa Bulus ya koma kan halittar Adamu da Hawwa'u ne ba al'adar Afisa inda Timoti yake kawai ba, da cewa manzanni goma sha biyu duk maza ne, da sharuɗan shugabannin ikilisiya a 1 Timoti 3. Ta kuma shimfiɗa na masu cewa umarnin don wata matsala ce ta wannan ikilisiyar a wannan lokacin, suna riƙe da Galatiyawa 3:28 da Maryamu Magadaliya da aka fara aika da labarin tashin Yesu. Ta faɗi kowanne yadda mai shi zai ji ya ce e haka nake nufi, ba tare da ba'a ba. Akwai wata mama 'yar ECWA da ta gaji ta ce, "Malama, ke dai faɗa mana naki mu huta mana." Sai ta yi dariya ta ce, "Mama, in na faɗa miki nawa za ki kai wa Baba Rabaran ki ce Malama ta ce, ni kuma so nake ki je ki ce Littafi ya ce, ki buɗe masa wurin." Wasu ba su ji daɗin haka ba, sun ce ta noƙe ne, ni kuwa ina ganin daidai ta yi, aji ne da ya haɗa 'yan COCIN da ECWA da Anglika da Baftis da 'yan Fentikos har da 'yan Katolika biyu ko uku, in ta ɗauki gefe ajin ya watse kenan.

Darasin tarihi shi ma ya yi, ko da yake an yi shi a gurguje. A nan na ji labarin Johanna Veenstra, 'yar Amurka da ta zo Najeriya a 1920 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SUM, ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum tana yawon ƙauyuka da bishara, ta rasu a asibitin Vom a 1933, kabarinta na nan Vom kusa da mu, mu muna wucewa zuwa Kuru ba mu ma sani ba. Malamin ya kawo na zamani ma, cewa Presbiteriya ta Najeriya ta naɗa mace ta farko tun 1982, Mgbeke George Okore, cewa a 1993 bishop na Kwara Herbert Haruna ya naɗa mata uku amma cocin Anglika ta ƙasa ta ƙi amincewa, har yau kuma ba ta naɗa mata firist duk da cewa ta Ingila ta fara tun 1994, Margaret Idahosa ta karɓi ragamar cocinsu a Binin bayan rasuwar mijinta a 1998, sai Methodist da ta zaɓi Nkechi Nwosu bishop mace ta farko a 2022. Katolika kuwa Paparoma John Paul na biyu ya rufe maganar a wasiƙarsa ta 1994. Duk wannan a zama ɗaya aka zuba mana shi, hannu har ciwo yake don rubutu, da an raba shi biyu da ya fi zama a kai. Kuma abin da ya ɗan ba ni haushi, Zumuntar Mata tamu ta nan arewa, wadda ita ce ke cika majami'u, ita ke ziyarar marasa lafiya da gidan makoki, ita ke zuwa bishara ƙauye da tulu da kacau-kacau, minti kaɗan aka ba ta a ƙarshe kamar an tuna da ita ne a makare. Iyayenmu da suka koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke tun 1932, suka riƙa koya wa wasu matan a ƙarƙashin bishiya, ai su ma tarihi ne.

To yanzu inda bai yi min ba. Na farko handawut, ana koyarwa da Hausa amma takardun da ake rabawa duk da Turanci ne, kuma Turancin littafin makaranta mai nauyi, har hoton kwafin ma wasu shafuka sun dusashe. Kusan rabin ajin iyaye ne da Hausa da yarensu kawai suke karantawa da kyau, sai ki ga mama ta ninke takarda ta sa a jaka shikenan, ta biya kuɗin abin da ba za ta taɓa buɗewa ba. Mun yi magana an ce ana kan fassarawa, har muka gama ba mu gani ba. A Jos fa muke, garin da ake buga littattafan Kirista na Hausa tun zamanin mishan, wannan ba uzuri ba ne.

Sai darasin da suka kira mace da gidanta, wanda wani fasto ke ɗauka. Mutumin kirki ne, yana da ban dariya, amma abin da muke ji a kowane taron ma'aurata ne ya sake maimaitawa, biyayya, girki, yadda ake tarbar maigida, kuma shi aka ba lokaci mafi tsawo a jadawalin. Ba na ce ba shi da amfani ba, Titus 2 na nan, amma ko a can ai tsofaffin mata aka ce su koya wa ƙanana, kuma a ajin akwai gwauraye da yawa da rikice-rikicen Filato suka raba da mazajensu, akwai waɗanda ba su taɓa aure ba, suna zaune shiru awa guda ana maganar ruwan wankan miji. Ni da za a ji tawa, a rage shi a ƙara lokacin abin da shugabar mata ke fama da shi da gaske, yadda ake riƙe littafin kuɗi, yadda ake rubuta minit, yadda ake shirya binciken Littafi Mai Tsarki daga aya zuwa aya, yadda za ki tsaya gaban dattawa ki kare kasafin mata ba tare da an ce kin yi rashin kunya ba. Gwajin wa'azi ma sai dab da ƙarshe aka yi, kowa minti biyar, wasu ko layi bai kai kansu ba, alhali da yawa don shi suka zo.

Wuri kuma ba laifi, benci ne ba kujeru ba, tagogi biyu ba gilas, in lokacin hunturu ne ki zo da rigar sanyi da safa don iskar Jos ba ta san shugaba ba. Ban ɗaki ɗaya ne ga mata sama da arba'in, layi kamar na banki. Ana ba da shayi da burodi da safe, wani lokaci kunu da ƙosai, abincin rana kuwa naki ne, amma akwai mai gwate da masa a bakin titi, tana da tsabta. Keke na kaiwa har ƙofa daga Taminus. Suna fara aji a kan lokaci, wannan ya ba ni mamaki, in kin makara Malama ba za ta koma baya don ke ba.

Maganar satifiket, don na san ita ce a ran wasu. Ana bayarwa, mai kyau da hatimi, an yi ɗan biki an ɗauki hoto da anko. Amma ku sani takardar shaidar halarta ce kawai, ba wata ɗarika da za ta ɗora ki a bagade saboda ita, in cocinku ba ta naɗa mata to ba ta naɗawa ko kin zo da digiri daga Bukuru balle wannan, kuma masu ajin sun faɗi haka tun ranar rajista, ba su yaudari kowa ba. Wata 'yar'uwa da muka yi tare ta kai wa fastonsu nata, ya sa albarka ya ce ta ci gaba da riƙe ajin 'yan baftisma na mata da take riƙe da shi tun da. Abin da ya canja a wurinta shi ne yanzu in an yi tambaya a ajin tana buɗe sura da aya ta amsa da kanta, ba sai ta ce a jira fasto ya zo ba.

Suna neman wasiƙa daga fastonki ko shugabar zumuntarku kafin rajista, ki nema da wuri don kin san yadda ofishin coci yake. Ki zo da Littafinki na Hausa ko da kina da na waya, Malama ba ta son ana latse latse a aji, da littafin rubutu mai kauri. Kuma kafin ki biya ki tambaya ko ita ce za ta ɗauki wasiƙun Bulus a wannan zangon, don na ji ana cewa ƙafa na damunta kuma 'ya'yanta na so ta koma Abuja wurinsu, in ba ita ba ce ni dai zan ce ki dakata ki ji wa aka sa tukuna.