Ɗan aure ko na ƙwallo: wane dashe za ka saya?

A wurin masu renon itatuwa, dashe iri biyu za ka tarar a jere cikin baƙar leda: wanda ya tsiro daga ƙwallo, da wanda aka yi wa aure, wato aka haɗa reshen wata bishiya a kan gindin wata. Na ƙwallo ya fi araha, sau da yawa ma ya fi tsayi da ganye, shi ya sa ido ke fara sauka a kansa. Amma in mangwaro ne ko lemo ko fiya, kuma 'ya'ya kake nema, ƙara kuɗi ka ɗauki ɗan aure.

Reshen ɗan aure daga uwar da aka san ɗanɗanonta aka yanko shi, aka haɗa a kan gindin wata, don haka irin 'ya'yan uwar zai ba ka. Mangwaro ɗan aure kan fara haihuwa cikin shekara 3 zuwa 5. Na ƙwallo kan kai 5 zuwa 8, kuma bayan duk wannan jira yana iya fito maka da mai tsami, mai zare. Lemo ɗan aure kan yi a shekara 2 zuwa 3. Na ƙwaya kuwa ga jinkiri, ga ƙaya. Na ƙwallo ba ya rasa nasa amfanin: saiwarsa na nutsewa, yana girma ya yi rassa. Mai neman inuwa da ke da fili, wannan ne nasa. A ƙaramin tsakar gida kuwa wahala zai zama, domin babban mangwaro na son tazarar mita 8 zuwa 10.

Kada ka tsaya ga bakin mai sayarwa, durƙusa ka duba. Ɗan aure na gaskiya yana da tabo a ƙasan kara, inda aka yi haɗin. Wurin ya kasance ya warke sarai, babu tsagewa, babu ruɓa. Sannan ɗaga ledar. In saiwa mai kauri ta huda gindinta ko ta nannaɗe a ciki, dashen ya daɗe a ajiye, kuma zai sha wuya kafin ya kama. Juya ganye ka ga bayansa, nan ƙwari ke ɓuya. Ƙaramin dashe mai ƙoshin lafiya ya fi dogo da ya gaji a leda, kuma kada furen da ya yi tun yana ƙarami ya ruɗe ka, tsinke shi ma za ka yi don ƙarfin ya koma saiwa. Bayan ka dasa, duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar ka cire shi, in ba haka ba gindin zai rinjayi reshen da ka biya kuɗi dominsa.

Ba kowace bishiya ke buƙatar wannan ba. Gwanda daga ƙwaya ake shuka ta, tana haihuwa cikin shekara guda, sai dai ka ɗauki uku ko huɗu don akwai namiji da ba ya 'ya'ya. Ayaba kuwa ɗanta ake cirowa daga gindin uwa.

Wajen kayan lambu, dashen tumatir da barkono na rage jira, amma karas ba ya son a tumɓuke shi, irinsa za ka saya ka shuka kai tsaye. In ka ga F1 a jikin fakiti, wato irin da aka samar ta hanyar barbarar nau'i biyu, zai yi yabanya mai kyau, amma irin da ka adana daga gare shi ba zai maimaita ta ba. Na'a-na'a reshe ɗaya ya isa, ka dai ba ta tukunyarta ita kaɗai, don in ta samu ƙasa mamaye kwamin take yi.